Kilimanjaro: Wuta a Ciki, Ƙanƙara a Ka, Ruwa a Ƙugu

Ranar 11 ga Mayu, 1848, wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Johannes Rebmann, wanda ya taso daga Rabai kusa da Mombasa ya nausa yamma da ayarinsa, ya ɗaga kai ya hango wani abu fari fat a ƙololuwar wani dutse. Da farko ya ɗauka gajimare ne. Da ya ƙura ido sai ya gane abin nan ne da ya saba gani a ƙasarsu lokacin hunturu, wato dusar ƙanƙara. Ya rubuta labarin, aka buga shi a Ingila a 1849, sai gardama ta ɓarke. William Desborough Cooley, wani masanin labarin ƙasa da ke zaune a Landan, wanda bai taɓa taka Gabashin Afirka ba, ya ce ido ne ya yi wa ɗan mishan gizo. Ta yaya ƙanƙara za ta zauna a inda rana ke dukan tsakiyar kai shekara da shekaru? Wasu suka ce farin dutse ne ke ƙyalli. Sai da Baron von der Decken ya hau dutsen a 1862, ya wuce mita 4,000, dusar ta zubo masa a sansaninsa, sannan yawancin masu musu suka ja bakinsu suka yi shiru. Gani ya kori ji. Su kuwa 'yan ƙabilar Chagga da ke noma a jikin dutsen, da fataken Suwahili da ke yin alamar hanya da shi, sun daɗe suna kallon wannan fari tun kafin a haifi kakannin masu gardamar.

Yau dutsen yana jikin tambarin ƙasar Tanzaniya, dubun dubatar mutane suna hawansa kowace shekara, ba mai musun ƙanƙararsa. Tambayoyin sun sauya: me ke cinye ta, yaushe za ta ƙare, kuma wa zai ji a jikinsa in ta ƙare? Ba a iya amsa su sai an bi dutsen daga tushe zuwa ka.

Duwatsu uku a jiki ɗaya

Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya, kimanin kilomita 330 kudu da ikwaita, layin nan da ya raba duniya gida biyu. Tsayinsa mita 5,895 ne daga doron teku, babu na biyunsa a Afirka. Ba ya cikin jerin tsaunuka irin na Himalaya, inda wannan ke jingine da wancan. Shi kaɗai ya miƙe daga fili ya yi sama da kusan mita 4,900, gindinsa kuma ya haura kilomita 60 a tsawo, faɗinsa kimanin 40. Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne, bai kai rabinsa ba.

Wuta ce ta gina shi. Ɓawon duniya ba dunƙule ɗaya ba ne, manyan faifai ne na dutse da ke motsi a hankali a kan wani sashe mai zafi da laushi. A Gabashin Afirka faifan nahiyar yana tsagewa biyu: ɓangaren Somaliya yana janyewa gabas, milimita kaɗan a shekara. Wannan tsaga ita ce babban kwarin da ya taso daga yankin Afar na Habasha, ya ratsa Kenya da Tanzaniya har Mozambik. Inda ɓawon ya miƙe ya yi siriri, nauyin da ke danne duwatsun can ƙasa yana raguwa, sai wani ɓangarensu ya narke ya nemi mafita ta tsagogi. Haka aka samu Dutsen Kenya, da Meru da ke kan birnin Arusha, da Ol Doinyo Lengai, da shi Kilimanjaro kansa, wanda ke gefen gabas na kwarin.

Abin da ido ke gani kamar dutse ɗaya, uku ne suka haɗe. Shira, na yamma, shi ya fara aman wuta kimanin shekara miliyan 2.5 da suka wuce. Daga baya kansa ya rufta ciki, narkakken dutsen da ya malalo daga maƙwabcinsa ya cike ramin, shi ya sa yau Shira shimfiɗaɗɗen tudu ne da ke kusa da mita 4,000. Mawenzi, na gabas, da Kibo, na tsakiya, sun taso wajen shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Mawenzi ya riga ya mutu. Ruwa da iska da ƙanƙara sun zaizaye masa duk wani abu mai laushi, suka bar ƙaƙƙarfan dutsen da ya daskare a cikin tsagoginsa, ya tsaya zaƙo-zaƙo a mita 5,149. Kibo ne ya ci gaba da aman wuta bayan sauran sun yi shiru, yana ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa, narkakken dutse a kan toka, har ya kere su. Banda waɗannan uku, akwai ƙananan bakunan wuta fiye da 250 a sassan dutsen. Ɗaya daga cikin ramukan ya cika da ruwa ya zama Tafkin Chala, a kan iyakar Tanzaniya da Kenya, mai zurfin kusan mita 90.

Barci yake, bai mutu ba

Babban aman Kibo na ƙarshe ya faru tsakanin shekara 150,000 da 200,000 da suka wuce, shi ne ya bar faffaɗan bakin da ke samansa, mai faɗin kimanin kilomita 2.5. Wurin da ya fi tsayi a gefen wannan baki shi ne ƙololuwar Afirka. Hans Meyer Bajamushe da Ludwig Purtscheller ɗan Austiriya sun isa can ranar 6 ga Oktoba, 1889, bayan sun yi ta sara matakala a jikin ƙanƙara, Meyer ya raɗa wa wurin sunan Sarkin Jamus. Da Tanganyika, wato babban yankin Tanzaniya ta yau, ta sami mulkin kai a Disamban 1961, aka kai tuta da fitilar 'yanci can, sunan ya koma Uhuru.

A cikin babban bakin akwai wani ƙarami, Reusch, a cikinsa kuma akwai ramin toka mai zurfi. Wanda ya leƙa can zai ji warin farar wuta, ya ga tururi na fita daga ƙasa da zafi kusan na tafasasshen ruwa. Ƙanƙara ba ta daɗewa a wurin. Saboda wannan ne masana ke cewa Kibo barci yake yi. Maƙwabtansa ma suna tuna wa mutane cewa yankin bai huce ba: Meru ya yi ɗan amai a 1910, Ol Doinyo Lengai kuwa ya watsa toka a ƙauyukan Masai a 2007 da 2008.

Haɗuwar wuta da ƙanƙara a dutse ɗaya tana da nata hatsarin, kuma duniya ta ga misalinsa. Nevado del Ruiz na ƙasar Kolombiya, wanda shi ma kusa da ikwaita yake kuma ya haura mita 5,300, ya yi amai da daren 13 ga Nuwamba, 1985. Aman ba babba ba ne, abin da ya narke bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙanƙarar kansa ba. Amma ruwan ya haɗu da toka da tsakuwa ya zama ambaliyar laka, ta bi kwarin koguna, cikin awa biyu da rabi ta isa garin Armero da ke nisan kimanin kilomita 70. Mutum wajen 23,000 suka rasu, alhali akwai taswirar da ta nuna garin yana kan hanyar lakar tun wata guda kafin nan. A Afrilun 2010 kuma dutsen Eyjafjallajokull na ƙasar Aislan ya yi amai ta ƙarƙashin ƙanƙara. Ruwan sanyi ya sa narkakken dutsen ya farfashe ya zama toka mai laushi da kaifi, iska ta kwashe ta zuwa Turai, aka soke tashin jiragen sama kimanin 100,000. Manoman furanni da kayan lambu na Kenya suka yi ta zubar da amfaninsu don babu jirgin da zai kai shi kasuwa.

Kibo ba ya nuna alamar irin wannan farkawa, ƙanƙarar da ta rage masa ma ba ta kai ta haɗa irin lakar Armero ba. Hatsarinsa na kusa ruftawa ce. Kimanin shekara 100,000 da suka wuce wani ɓangare na kudu maso yammacinsa ya zaftare, ya bar babban kwarin Barranco da giɓin da ke gefen yamma na bakin. A wannan giɓi, ƙanƙara ce ke riƙe da tsakuwa da duwatsu. Da ta soma saki, a Janairun 2006, duwatsu suka gangaro suka kashe Amurkawa uku masu hawa.

Daga gonar ayaba zuwa ƙanƙara

Abin da Cooley ya kasa yarda da shi yana da sauƙin bayani. Iska tana yin sanyi gwargwadon yadda aka yi sama, kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos a kowace mita 1,000. Dalilin sanyin Jos ke nan, ita da ke wajen mita 1,200 kawai. In garin Moshi da ke gindin dutsen yana fama da digiri 30, ƙololuwar da ta fi shi da mita 5,000 tana ƙasa da sifiri. Matsakaicin sanyin saman Kibo a shekara kimanin digiri 7 ne ƙasa da sifiri, nauyin iskar kuma rabin na bakin teku ne, shi ya sa numfashi ke yi wa masu hawa wuya.

Mai hawa daga kudu yana ratsa duniya biyar cikin 'yan kwanaki. Daga mita 800 zuwa 1,800 gonaki ne. Tokar aman wuta da ta rududduge ta zama jar ƙasa mai albarka, a kanta Chagga suka gina irin nomansu da suke kira kihamba: manyan itatuwa a sama, ayaba a ƙarƙashinsu, gahawa a ƙarƙashin ayaba, gwaza da wake a can ƙasa, shanu a turke a gida ana kawo musu ciyawa, takinsu yana komawa gona. Gahawar 'yan mishan ne suka kawo ta a ƙarshen ƙarni na 19, ita ce kuma ta haifar da ƙungiyar haɗin kan manoma ta KNCU a Moshi, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Afirka. Mutum fiye da miliyan ɗaya ke rayuwa a wannan sashe da kewayensa.

Daga mita 1,800 zuwa kusan 3,000 kurmi ne mai duhu da danshi, gansakuka ta lulluɓe rassa, birai suna tsalle a sama. A wani kwari na dutsen ne masanin tsirrai Andreas Hemp da abokan aikinsa suka auna wata bishiya mai tsayin mita 81.5, wadda aka bayyana a 2016 a matsayin mafi tsayi da aka sani a Afirka. Sama da kurmin sai gajerun itatuwa da ciyayi, da wasu tsirrai masu kaurin jiki da ke barin busassun ganyensu a manne don kare kansu daga sanyin dare. Daga mita 4,000 hamada ce ta tsakuwa, rana ta ƙona da tsakar rana, ƙasa ta daskare da dare. Daga mita 5,000 kuwa sai toka da dutse da ƙanƙara.

Ruwan sama ba daidai yake sauka ba. Danshin yana zuwa ne daga Tekun Indiya a damina biyu, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba. Iskar tana karo da gefen kudu, ta hau, ta yi sanyi, ta sauke kayanta a kan kurmin, inda ake samun fiye da milimita 2,000 a shekara. Gefen arewa mai kallon Kenya ya fi bushewa nesa ba kusa ba. Kafin iskar ta kai ƙololuwa an riga an tatse ta. Abin da ke sauka a can bai fi 'yan ɗaruruwan milimita ba. A taƙaice, ƙanƙarar Kilimanjaro tana zaune ne a tsakiyar hamada.

Lissafin abin da ya rage

Tulin ƙanƙara irin na kan duwatsu yana samuwa ne in dusar da ke sauka ta fi wadda ke tafiya, shekara bayan shekara. Ta sama ta danne ta ƙasa, iskar da ke tsakani ta matse, dusar ta koma ƙanƙara mai tauri. In ta yi kauri a kan gangare sai ta riƙa jan ciki a hankali, tana kankare dutse, tana tura tsakuwa gabanta. Tsibin tsakuwar da ta bari shi ne shaidar inda ta taɓa kaiwa. A Kilimanjaro irin wannan shaida ta nuna cewa a lokacin tsananin sanyin duniya na ƙarshe, wajen shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe kimanin murabba'in kilomita 400, ta sauko har mita 3,200.

A shekarun 1880 an ƙiyasta ta da murabba'in kilomita 20. Taswirar da Jamusawa suka zana a 1912 ta nuna 11.4. A 2011 hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna 1.76, wato kashi 85 cikin ɗari sun tafi cikin shekara ɗari. Awon da aka yi a 2021 da 2022 ya nuna ta faɗo ƙasa da murabba'in kilomita ɗaya. Tulin Furtwangler da ke cikin bakin dutsen ya rabe biyu a 2007, babban filin ƙanƙara na arewa ma ya tsage a 2012. Ragowar ƙanƙarar Afirka da ke Dutsen Kenya da tsaunukan Rwenzori, tsakanin Yuganda da Kwango, ita ma haka take ja da baya.

Sanya ranar ƙarewarta ya sha ba masana kunya. Da Hans Meyer ya koma a 1898 ya ga yadda ta ja baya, ya ce ba za ta wuce shekara talatin ba. A 2002 Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka ya yi hasashen za ta ƙare tsakanin 2015 da 2020, maganar da ta yaɗu a duniya. Duka wa'adin biyu sun wuce, ragowarta tana nan. Hasashen baya-bayan nan ya fi taka-tsantsan: rahoton Hukumar Yanayi ta Duniya na 2021 ya ambaci shekarun 2040, na UNESCO na 2022 ya ce kafin 2050. Alƙiblar dai ba ta taɓa sauyawa ba, saurin ne ke da wuyar kamawa.

Yunwa ko zafi?

Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne duniya ta ɗumama, ƙanƙara ta narke. A tsaunukan Turai haka lamarin yake. A kan Kibo kuwa da sauran magana, domin iskar wurin ba kasafai take haura sifiri ba. Tun Fabrairun 2000 Douglas Hardy na Jami'ar Masacusets ya kafa na'urar auna yanayi a kan filin ƙanƙara na arewa, kuma masana na Jami'ar Innsbruck ta Austiriya, Georg Kaser da Thomas Molg, sun yi shekaru suna nazarin irin waɗannan alƙaluma. Abin da suka gano shi ne kaso mai yawa na ƙanƙarar saman ba ya zama ruwa sam. Hasken rana mai ƙarfi da busasshiyar iska suna mayar da shi tururi kai tsaye, kamar yadda ƙwayar kafur ke ƙanƙancewa a cikin akwatin tufafi ba tare da ta jiƙa komai ba.

Wannan hanya tana cin ƙarfin rana ninki takwas da ɗoriya na wanda narkewa ke ci. Ke nan bushewar iskar tana yi wa ƙanƙarar rana ta wani gefen, domin da duk wannan ƙarfi a narkarwa ya tafi, da tuni an manta da ita. Ta ɗaya gefen kuma bushewar ce ke kashe ta da yunwa. Sabuwar dusa fara ce tas, tana mayar da yawancin hasken rana sama. In ta yi ƙaranci, tsohuwar ƙanƙara mai ƙura ta bayyana, ta sha haske, asara ta ƙaru. Ga shaida daga tafkunan Gabashin Afirka cewa yankin ya bushe sosai wajen 1880, ruwansu ya ja baya, kuma tun daga nan dusar da ke sauka a Kibo ba ta biyan abin da ke tafiya. Molg ya danganta wannan da sauyin yanayin Tekun Indiya, wanda shi ke tura danshi zuwa gaɓar Afirka. A shekarun da yammacin tekun ya yi ɗumi fiye da gabashinsa, kamar 1997 da 2006, ƙaramar damina kan yi ƙarfi, dutsen ya yi fari na 'yan watanni.

Siffar ƙanƙarar ma tana cutar da ita. Ta saman tudu ba ta gangarawa ko'ina, tana zaune ne a kan baƙar toka, gefenta a tsaye kamar an yanka da wuƙa, tsayinsa mita 20 zuwa 30 a wasu wurare. Dusa ba ta iya zama a jikin irin wannan bango, rana kuma tana dukansa kai tsaye, tokar da ke gindinsa tana shan zafi. Da zarar bango ya samu, sai ja da baya, ko da sanyin bai ragu ba.

Thompson da abokan aikinsa ba su yarda a cire zafi daga lissafin ba, kuma suna da hujja. A shekarar 2000 sun haƙa ƙanƙarar sun zaro dogayen sanduna shida, wasu sun kai kusan mita 50. A saman ɗayansu sun ga alamar ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa, alamar da babu irinta a duk sauran tsawon sandar. Ƙanƙarar gangare da ke ƙasa da ƙololuwa kuma ta fi jin ɗumin iska. Yau yawancin masana sun haɗu a kan cewa abubuwan biyu ba kishiyoyi ba ne. Ɗumamar duniya tana taɓa teku, teku yana taɓa damina, damina tana taɓa dusa. Hannun ɗan'adam yana ciki, sai dai ya biyo ta doguwar hanya.

Tarihin da ke daskare

Sandunan nan shida sun adana labarin yanayin Afirka shimfiɗa bayan shimfiɗa. A lissafin Thompson, ta can ƙasa ta kai shekara 11,700, ko da yake wasu masana suna ganin ƙanƙarar saman tudun ta sha zuwa tana tafiya, don haka shekarunta ba su kai haka ba. Shimfiɗun farko sun dace da zamanin da Afirka ta fi yau danshi, lokacin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna, Tafkin Chadi kuma ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 350,000. Sai kuma wani zirin ƙura mai kauri da aka danganta da mummunan farin da ya auku wajen shekara 4,000 da suka wuce, ya yi kusan shekara 300. Har gwajin bam ɗin nukiliya da Amurka ta yi a Tekun Fasifik a farkon shekarun 1950 ya bar alamarsa, wadda aka samu a zurfin mita 1.6 a shekarar 2000. Da masanan suka koma bayan 'yan shekaru, wannan shimfiɗa ta tafi. Tarihin yana gogewa ne daga sama, sabon labari shi ke fara ɓacewa.

Ruwan daga ina yake?

An sha faɗa cewa in ƙanƙarar ta ƙare, rafukan Chagga za su ƙafe. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Ƙanƙarar ƙarama ce, kuma mai yawa daga cikinta iska ke shanyewa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke fitowa daga dutsen daga kurmin yake. Ruwan sama yana sauka a can, ganye da gansakuka kuma suna tatsar hazon gajimare ɗigo-ɗigo ko da ba a yi ruwa ba. Ƙasar kurmin tana shanye shi, ya bi ta ramukan tsohon narkakken dutse, ya ɓullo a maɓuɓɓugai a can ƙasa. Shi ke cika magudanan da Chagga suka haƙa tun ɗaruruwan shekaru, masu bin gefen kwari tsawon kilomitoci suna rarraba ruwa gida-gida bisa tsarin dangi. Shi ke shayar da gonakin rake da shinkafa a kudancin Moshi, ya shiga Kogin Pangani, ya taru a madatsar Nyumba ya Mungu, ya juya injinan lantarki a Hale da magangarar Pangani. A gefen Kenya, fadamun Amboseli da giwaye ke sha, ruwan dutsen ne da ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa.

Wannan kurmi kuwa yana shan wuta. Binciken Hemp da aka buga a 2005 ya nuna cewa daga 1976 gobara ta cinye kimanin murabba'in kilomita 150 na kurmin sama, ta sauko da iyakarsa da ɗaruruwan mitoci. Ya ƙiyasta ruwan hazon da aka rasa da kubik mita miliyan 20 a shekara, alhali duk abin da ƙanƙarar ke bayarwa bai wuce miliyan ɗaya ba. A Oktoban 2020 wata gobara ta laƙume kimanin murabba'in kilomita 95, wata ta sake tashi a Oktoban 2022. Bushewar da ke hana ƙanƙara dusa ita ce ke mayar da ciyayin sama makamashi, sai a sami ɗan tartsatsi daga wutar girki ko hayaƙin masu ɗiban zuma, shi ke nan.

Kare kurmin ma ba ya rasa rikici. An kafa gandun dajin Kilimanjaro a 1973, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, a 2005 kuma aka faɗaɗa shi ya haɗiye kurmin baki ɗaya. Cikin abin da ya shiga har da wani ziri mai faɗin rabin mil da aka ware wa mazauna tun 1941 don itacen girki da ciyawar dabbobi. Matan da suka dogara da shi suka wayi gari abin da suka gada ya zama laifi. A ƙasa kuma, manoman tudu da masu manyan gonaki da makiyayan Masai da kamfanin lantarki kowa yana jan ruwan Pangani, jama'a na ƙaruwa, ruwan bai ƙaru ba.

Ƙanƙarar Kibo ba ta da mai ceto a Moshi ko Dodoma, babban birnin ƙasar. Makomarta tana hannun Tekun Indiya da hayaƙin masana'antun nahiyoyi masu nisa, kuma in ta tafi za a rasa ma'aunin yanayi da kundin tarihi da ba a iya sake rubutawa. Kurmin kuwa yana hannun mutanen da ke zaune a ƙarƙashinsa. Ana iya tsare shi daga wuta, a sake dasa inda ya ƙone, a ba ƙauyukan da ke iyaka da shi rabo daga kuɗin da masu hawa ke biya, a kuma samar musu itace da ciyawa ta hanyar da ba sai sun shiga a ɓoye ba. Manomin ayaba a jikin dutsen da mai shinkafa a Moshi da makiyayin Amboseli duk daga wannan ɗamarar itatuwa suke sha, don haka can ya kamata kuɗi da kulawa su fi karkata.